Firizar Yaya a Shagon Ba-Komai

A'a, ku dakata da wannan waƙar ta "mai gyara ɓarawo ne". Kullum aka taɓo zancen masu gyaran firji da fanka sai ku yi ca, wai suna cire sabon kaya su sa tsoho, wai suna tsuga kuɗi, wai ka kai abu da ciwo ɗaya ka dawo da uku. Wannan ai mai sauƙi ne. Ɓarawon mai gyara ka gane shi, ka zage shi, ka canza shago, an wuce wajen. Wanda ya kamata ku ji tsoro shi ne wanda duk layi ke sa wa albarka. Mai fara'ar nan da bai iya cewa a'a ba, wanda in ka miƙa masa kuɗi sai ya ture hannunka. Kuna ta yabo, amma ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya: kyautar nan da yake ta rabawa, daga jikin wa ake yanko ta?

Ku ɗauki Ba-Komai. Sunan da mutanen layinsu suka laƙaba masa ke nan, har na ainihin ya ɓace, don duk abin da ka zo masa da shi amsarsa ɗaya ce. Firjinka ya daina sanyi? Ba komai. Ba ka da kuɗin gyara? Ba komai. Yaro ya zura cokali a bilenda tana juyawa? Ba komai, kawo ta. Gajere ne mai ɗan tumbi, kullum da tasta, ɗan sukundireban gwada wuta, maƙale a bayan kunne kamar biro, haƙoransa a waje tun safe har a rufe shago.

Shagon ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. Firji a jere jikin bango kamar masu jiran likita, fankoki rataye a silin ba fukafukai, tukunyar gas da kan walda a lungu, gwangwanayen madara cike da notina, ga warin ƙonanniyar waya da ya kama har rigarsa. Gefensa shagon Tela ne, tsallaken titi kuma shagon Mai Lemo, mai sayar da lemon kwalba da ruwan sanyi. Bencin da ke ƙarƙashin rumfar Ba-Komai nan ne majalisar layin. Duk wanda ba shi da abin yi nan yake zuwa ya yi shi.

Yana ƙarami iyayensu suka rasu, yayarsa ce ta riƙe shi. Ita ta goya shi, ita ta yi masa tsarki, ita ta sha gori a gidan miji don ta zo da ƙani. Da karatu ya ƙi shiga kansa, ita ta kama hannunsa ta kai shi wajen wani tsohon mai gyara, ta durƙusa ta roƙa a koya masa sana'a. Har yau Auta take ce masa, da furfurarsa da 'ya'yansa.

Tsohon nan da ya koya masa aiki yana da doka guda. A bayan shagonsa akwai wajen da yake kira wajen gawa. In abu ya lalace har ba ya tashi, zai kalli mai shi ido da ido ya ce masa, wannan ta mutu, ka sayi sabuwa. In mai shi ya ce na bar maka, sai a kai ta baya. Daga jikin gawa kaɗai ake cire kaya a sa wa mai rai. Abin da mai shi ke jira kuwa, ko noti ba a taɓawa.

Ba-Komai ya ɗauke hannun tsohon tas, ya bar dokar a can. Shi ba zai iya kallon mutum ya ce masa abinka ya mutu ba. Ba zai iya cewa je ka kasuwa ka sayo kaza ba. Abin da yake so shi ne wannan kallon da mutum ke yi masa in ya sa filogi, inji ya tashi, ya ce "tafi da abinka, ba komai". Wannan kallon shi ne abincinsa. Sai ya ƙirƙiro tasa hanyar, ya sa mata suna aro. Ya cire daga abin wanda bai zo ba, ya sa wa wanda ke tsaye a kansa. In wancan ya zo, ya aro masa daga na wani. A zuciyarsa shi bai taɓa sata ba, ai mayarwa zai yi.

Sai dai aro yana da sharaɗi, dole a samu wanda ba zai ɗaga murya ba. Kuma wa ya fi na gida iya shiru?

"Malam, fankar ɗakin nan fa?" matarsa ta tambaye shi wata safiya yana ɗaure takalmi.

"Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, shi ne matsalar. Sai na hau kujera na tura ta da tsintsiya take juyawa."

"Kafasita ce, na ara wa matar Tela. Gobe zan mayar."

"Goben da ka mayar da wayar dutsen guga? Ko goben da ka mayar da murfin bilenda? Ni fa na fara tsoron kwana, kar in farka in ga ka ara wa wata ƙafata."

Ya yi dariya har da riƙe tumbi. "Ke dai ba ki da haƙuri. Na waje ba za su fahimta ba. Ke kuwa ta gida ce."

Ta gida ce. Da wannan kalmar ya tuɓe gidansa abu bayan abu, har matar ta daina tambaya, ta sayi mafici.

To yanzu ga Yaya. Mijinta direba ne da, sai ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance shekara da shekaru. Gidan kacokan a kan abu ɗaya yake tsaye: wata farar firiza doguwa, irin mai murfi a sama, da ta saya da gumin wankau da guga. Tana ƙulla ruwa a leda ya daskare, masu shayi da masu kifi da masu sayar da lemo a tasha su zo su saya. Daga nan ake cin abinci, daga nan ake sayen maganin mai gida, daga nan 'yan matanta ke zuwa makaranta. Mace ce da ba ta iya roƙo ba. Abin da take taƙama da shi a duniya ke nan, cewa tun da mijinta ya kwanta ba ta taɓa tsayawa a ƙofar kowa ba.

Zafi na fara kankama, lokacin da ƙanƙara ke zama zinariya, firizar ta ƙi tashi. Yaya ta ɗauko mai kura, ta biyo shi a ƙafa hannunta ɗaya a kan murfin, kamar mai raka mara lafiya.

"Auta, ga 'yar tsohuwata ta yi yaji. Tun jiya sai ta yi ƙas, ta yi shiru, ta yi ƙas, ta yi shiru."

Ya sa filogi, ya tsuguna, ya kara kunne. Ya kwance ragar gefe ya leƙa.

"Rile ne, Yaya. Ɗan abin da ke tayar da injin. Bai kai akwatin ashana ba. Injinki kuwa garau yake, irinsa ma yanzu ba a samu."

"To sa min in koma da abata, mai kura na jira."

"Wanda nake da shi na sa wa wani jiya. Ki bari gobe, da kaina zan kawo miki har gida."

Ta kwance bakin zani ta ciro kuɗi. "Ungo, ka sayo sabo. Har da na aikinka."

Ba-Komai ya ja da baya kamar ta miƙo masa wuta. Ya ɗan ɗaga murya yadda na kan benci za su ji. "Haba Yaya. Ni zan karɓi kuɗinki? Ke da kika goya ni? Mayar da abinki, kar ki ba ni kunya."

"Allah ya yi maka albarka, Injiniya," in ji Tela daga bakin kekensa. "Irinku sun yi ƙaranci."

Yaya ta mayar da kuɗin tana murmushi, har da ɗan alfahari. Ba ta san a nan aka gama da ita ba. Da ya karɓi kuɗin nan, da ta zama kwastoma, mai bakin magana. Da ya ƙi karɓa, sai ta zama mai jiran alfarma.

Kar ku ce bai sayo rilen ba. Ya sayo. Yana cikin aljihunsa, yana shirin tsugunawa ya sa, sai ga wata mai jego da ɗan firjinta a bayan babur, jariri na tsala kuka, ciwon iri ɗaya. Ya kalli firizar Yaya, ya kalli matar. Yaya ai ta gida ce. Ya sa wa matar, ta tafi tana zuba addu'a har ta sha kwana.

Tunda dai firizar na zaune ba ta aiki, da wani malamin makaranta ya kawo tasa tana daskarar da komai ba tsayawa, sai ya ari tamostat ɗin Yaya, abin da ke kashe injin in sanyi ya kai. Bayan nan wayar filogi ta tafi gidan mai wanki. Robar bakin murfi ta tafi wajen mai kifi. Kwandon ciki matar Tela ta gani ta yaba, ya ce ɗauki, ba komai. Duk abin da ya cire sai ya ce a ransa, rana ɗaya zan shiga kasuwa in haɗo su duka, Yaya ma ta samu sababbi, ai gaba ta kai ta. Sai ya lulluɓe firizar da tsohon labule, ya jera fankokin tebur a kai.

Yaya kan zo da rana tsaka, gumi har a gira, ta tsaya bakin rumfa ba ta zama.

"Auta, mutane na ta buga min ƙofa. Mai shayin tasha ya ce in ban kawo ba zai koma wani waje."

"An kusa, Yaya. Da na buɗe sai na ga har da tamostat babu lafiya." Bai ji ya yi ƙarya ba, tamostat ɗin ai da gaske ba ya nan.

"Ka ce min rile ne kawai."

"Haka aikin yake. Ki bar min, ni ne fa."

"Ko in kai wa wani ne? In aiki ya yi maka yawa ba laifi."

Nan fuskarsa ta canza. "Ki ɗauke daga shagona ki kai wa wani? A idon mutanen layin nan? So kike a ce na kasa gyara wa yayata?"

Ita ta kai shi koyon sana'ar, ba za ta zama mai zubar masa da ita ba. Ta juya. Ta koma sayen ƙanƙara a hannun wasu tana zubawa a kula, tana bin kwastomominta da ita don kar su gudu. Kafin ta isa tasha rabi ya zama ruwa. Ribar ba ta sayen ko maganin kwana biyu. Babbar 'yarta ta daina zuwa makaranta, ta zauna jinyar uban don uwar ta samu fita. Ba-Komai ya ji labari a bakin matarsa, ya girgiza kai ya ce wallahi Yaya na shan wahala, Allah ya kawo mata sauƙi. Da gaske yake, har idonsa ya kawo ruwa.

Ana nan aka kawo wuta mai ƙarfi wata rana, ta ƙona injin babbar firizar Mai Lemo. Mutumin ya tsallako titi hannu a ka, majalisa cike.

"Injiniya, na shiga uku. Kaya cike da firiza, zafi kamar a gasa mutum. Na kira wani ya ce sai sabon kwamfuresa, wai sai an yi oda. Na ce masa kai yaro ne, akwai wanda ke tayar da matacce a layinmu."

'Yan benci suka yi dariya. Wani ya ce ai hannun Injiniya ba na mutane ba ne. Tela ya ce in shi ya kasa, to a kai bola.

Ba-Komai ya ji kalmar nan, Injiniya, tana bin jikinsa kamar ruwan sanyi. Ya je ya duba. Injin ya ƙone ƙurmus, warin ma ya isa shaida. Abin faɗa ɗaya ne: ya mutu, sayi sabo. Ya buɗe baki, ya ga idanun da ke kansa, sai ya ji harshensa ya ce, "Ba komai. Ina da wani a ajiye."

Ya jira majalisa ta watse cin abinci. Ya sauke fankoki, ya yaye labule, ya tsuguna gefen firizar Yaya. Wannan ba irin aron rile ba ne, shi ma ya sani. Inji ba a zare shi, sai an yanke bututu. Ya ɗan tsaya da abin yanka a hannu. Sai ya ce a ransa, injin nan ai ya tsufa, ko ba yau ba zai mutu mata, gara in samo mata na zamani mai ƙarancin shan wuta. Ya datse. Gas ya fita da dogon tsaki, ya kaɗa hannu ya kore shi daga fuskarsa. Kafin la'asar firizar Mai Lemo na gurnani, shi kuwa ana ta ɗaga hannunsa sama kamar ɗan dambe. Da Mai Lemo ya tambayi kuɗin inji, sai ya ce na wata tsohuwar firiza ne da mai ita ta bar masa, a ba shi na gas kawai.

Ramin da ya rage a gefen firizar Yaya ya toshe da kwali. Cikinta kuwa, tunda fili ne, ya fara ajiye kayan aiki.

Ba a daɗe ba, wata rana yana zaune yana naɗin kwayil ɗin fanka, ya hango Yaya a tsallake da kularta. Ta zo sarin ƙanƙara wajen Mai Lemo, don yanzu shi ke da ita a layin, har ya fara ƙullawa. Ba-Komai ba ya jin abin da suke cewa saboda motoci, amma yana gani. Ya ga Mai Lemo na bubbuga firizarsa da tafin hannu. Ya ga ya nuno shagonsa da hannu biyu yana washe baki, irin na mai ba da labarin alheri. Ya ga Yaya ta ajiye kular a ƙasa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta tsallako titi ba ta ko duba mota ba.

Ba ta yi sallama ba. Ta wuce shi, ta fara sauke fankokin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana jerawa a ƙasa. Ta janye labule. Ta ɗaga murfin, ya tafi lakwaf don ba roba. A ciki akwai guduma, naɗin waya, tsofaffin takalmansa na aiki, da kashin ɓera. Ta sunkuya ta zare kwalin gefe. Bututu biyu a yanke suna kallonta.

"Auta, ina injina?"

Tela ya tsayar da keke.

"Yaya, ki zauna mu yi magana a ciki."

"A nan za ka faɗa min. Mutumin can ya ce ka ba shi inji kyauta, na wata tsohuwar firiza da mai ita ta bar maka. Yaushe na bar maka?"

Ba-Komai ya dubi benci. Duk waɗanda ke kiransa Injiniya suna nan, ga masu wucewa sun fara tsayawa. Abu biyu ne a gabansa, ko ya ce na cire, ko ya ce wani abu. Kuma a ranar, karo na farko tun da ya buɗe shago, bakinsa ya iya furta kalmar da ya kasa faɗa wa kowa.

"Yaya, firizar nan fa a mace kika kawo ta. Na rasa yadda zan gaya miki ne, don na san halin da kike ciki. Injin da na ba shi ba naki ba ne. Naki ya ƙone tun a gida, na yar."

Ya faɗa a tausashe, kansa a ƙasa, kamar mai ta'aziyya.

"Kai ka ce min garau yake. A nan, a gaban wannan," ta nuna Tela.

Tela ya sunkuya yana gyara zare. Matarsa ce ke da kwandon. "Ni dai ban riƙe maganar ba, Hajiya. Amma Injiniya ba zai cuce ki ba. Mutumin da ko kuɗinki bai karɓa ba."

"Ai shi ne," in ji wani a benci. "Kyauta ake miki, kuma ki zo da faɗa."

Wani ya ƙara da, "Tsohon kaya sai haƙuri, Baba. Kowa nasa na mutuwa."

Yaya ba ta kalle su ba. Ta matso ta kama wuyan rigar ƙaninta da hannu biyu. Ba ta mare shi ba, jijjiga shi kawai take. "Na goya ka. Na hana cikina na ba ka. Mijina na kwance, 'yata na zaune a gida, ka yanka min abinci ka ba wani don a tafa maka. Kalle ni ka sake cewa a mace na kawo ta."

Bai kalle ta ba. Ya saki hannuwansa a gefe, ya bar ta tana jijjiga shi, tasta ta faɗo daga kunnensa. Ya san yadda abin yake a ido: ga mutumin kirki tsaye bai ɗaga ko yatsa ba, ga mace ta ci kwalarsa. Sai ya ce, yadda kowa zai ji, "Ba komai, Yaya. Ki yi duk abin da kike so, ke uwa ce."

Mata biyu suka ɓamɓare ta. Ɗankwalinta ya faɗi, aka taka. Wani a cikin taron ya ɗauka a waya, daga daidai inda ta kama rigar, ba daga inda ta ɗaga murfi ba. Kafin yamma bidiyon ya zaga. An rubuta a kai wai kalli yadda wata ta saka wa ƙaninta da ke mata gyara kyauta. Aka yi ta zuba mata zagi a ƙasa, wasu na cewa irin waɗannan 'yan uwan ne ke hana mutum arziki, wasu na tambayar lambar Injiniya su kawo masa aiki. Aiki kuwa ya zo. Bai taɓa samun kasuwa irin ta wannan satin ba.

Kawunsu, ƙanin mahaifiyarsu, shi ne babban da ya rage a dangi. An nuna masa bidiyon, ya aika a kira su. Ya zauna a kujerarsa a falo, Ba-Komai a gefensa a kan tabarma, Yaya a bakin ƙofa.

"Ke yanzu da girmanki," in ji Kawu. "Kin tara mana jama'a, kin sa sunan gidan nan a waya. A kan me? A kan tsohon ƙarfe."

"Kawu, a tambaye shi inda injina yake. A je a buɗe firizar mutumin can a gani."

"A je a buɗe kayan mutane? Ki ƙara mana wani abin kunyar? Ke kin san inji ne? In an jera miki biyu za ki ware naki?"

Ba za ta iya warewa ba. Baƙin ƙarfe ne mai kama da tukunya, duk iri ɗaya suke a idonta.

"Yaron nan duk gari an shaide shi. Ko ni rediyona shi ke gyara min, bai taɓa karɓar sisina ba. A ce duk mutanen nan ƙarya suke, ke kaɗai ke da gaskiya? Talauci ba hauka ba ne. In kina da buƙata ki faɗa a taimaka miki, ba ki kama wuyan namiji a titi ba. Ba shi haƙuri."

"Kawu, ni zan ba shi haƙuri?"

"Ke za ki ba shi. In kuma na yi kaɗan in sa ki, sai ki faɗa min."

Ba-Komai na kallon tabarma, yana jan wani zare da ya fito. A ransa addu'a yake kar ta ƙi, don in ta ƙi maganar za ta yi tsawo, in ta yi tsawo wani zai iya tsallaka titi da sukundireba. Ya ji numfashinta. Ya ji ta gyara zama.

"Auta, ka yi haƙuri."

Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Ya ɗago da idanu jajaye, kuma hawayen na gaske ne, abin da zai ba ku haushi ke nan. "Wallahi na yafe miki, Yaya, duniya da lahira. Ni ban riƙe ki ba ko kaɗan. Kuma in Allah ya hore, ni zan saya miki sabuwa."

"Ka ji ɗan albarka," in ji Kawu. "Ki yi koyi."

Washegari ya ɗauki mai kura da kuɗinsa, ya kwashe gudumarsa da takalmansa, ya sa aka kai mata kwangon firizar har gida. 'Yan benci suka ce kai, wannan bawan Allah, bayan duk abin da ta yi masa. Sabuwar kuwa har yau Allah bai hore ba.

Yanzu Yaya tallan ƙanƙara take wa Mai Lemo. Da safe ta zo da kula ya loda mata, ta kai wa mai shayin tasha da masu kifi, mutanen da da nata ne, da yamma ta kawo ciniki ya cire mata ɗan abin da ya ga dama. Ya ce don darajar Injiniya ya ɗauke ta, in ba haka ba shi ba ya hulɗa da mai rigima. Babbar 'yar ba ta koma makaranta ba. In Yaya ta zo wucewa da kula a ka, Ba-Komai kan taso daga bakin aiki ya gaishe ta har da rusunawa, ya tambayi mai jiki. Takan amsa. Shi kuma ya koma ya zauna da zuciya wasai, yana jin daɗin cewa zumunci bai lalace ba.

To ku da kuka ga bidiyon kuka tura gaba da 'yar fuskar dariya, ga sauran labarin. Kuma kar wanda ya zo min nan da "Allah ya kyauta" ya wuce. Kowane dangi akwai mai kirkin waje irin wannan, kuma akwai wadda ake yanka ana ba shi suna, kun san su, kuna cin abinci da su. Ku sauko kwamen a ƙasan rubutun nan ku faɗa. Wa ake ara daga jikinsa a gidanku? Ranar da aka sa ta ba da haƙuri, kuna ɗakin ko ba kwa nan? In kuna nan, me kuka ce? Ku buɗe baki, shirun nan naku ya isa haka.